Wutar da Na Tara wa Mati

Zuwa ga mai girma shugaban hukumar da ke tsara wutar lantarki ta ƙasarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina gajiya, ina ɗawainiyar jama'a? Allah shi taimaka.

Ranka shi daɗe, ba ka san ni ba, kuma ba laifinka ba ne. Sunana Ada, ana ce mani Ada mai amalanke. Manomi ne ni a Gazawa, da rani kuma ina jan kaya da shanuna daga kasuwa zuwa tasha. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Ɗan rubutun nan a karatun manya na same shi, wanda aka buɗe mana bayan an sauke tutar Nasara, saboda haka in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri. Na ce a karanta takardar nan a fili ne don na san ba ni kaɗai ba ne mai ɗan'uwa a arewa.

Ran kasuwar da ta wuce na ji a rediyo ana maganar uraniyom, dutsen nan da ake haƙowa a ƙasarmu ana kai wa Turai su yi wuta da shi. Mai maganar ya ce ana shirin mu ma mu amfana, wata rana a gina babbar tashar nukiliya, a ja waya har ƙauyuka. Ya yi ta zancen turaku da wayoyi. Na kasa kunne har ya gama, ban ji ya ambaci inda za a riƙa ajiye wutar ba. A kan wannan nake da magana, don ita ce ta hana ƙanena dawowa gida.

Na farko: wane ne Mati.

Mati ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu rak Allah ya bar wa Inna. Shekarar da muka samu 'yancin kai yana saurayi, ko gemu bai tsiro mashi ba. Ranar bikin ni rawa ta kai ni fili, shi kuwa sai a ƙarƙashin motar gyaɗa na tsinto shi, yana kallon yadda aka haɗa ƙarafunta. Tun yana ƙarami ƙarfe ne abincinsa. Ya tafi Maraɗi ya koyi walda, da aka buɗe ramukan uraniyom a arewa kuma aka ɗauke shi aiki can. Ranar da zai hau mota ya ce mani, "Yaya, ba zama zan yi ba. Ranar da wuta ta zo garin nan, ranar zan dawo in buɗe shago." Na riƙe maganar nan kamar yadda ya faɗe ta.

Kuma garin na bukatarsa, ba son kai nake ba. Yau in ƙarfen amalanke ya karye a Gazawa, sai ka kwance shi ka ɗora a mota zuwa Maraɗi, ko ka tsallaka iyaka. Kafin ya dawo kasuwa ta ci ta watse, shanu na tsaye suna cin harawa a banza.

Akwai ƙa'idar gidanmu da ya kamata ka sani, in ba haka ba abin da zai biyo baya zai yi maka kama da hauka. In an gama girbi, marigayi Baba yakan sa a jera dammai a babban rumbu, a liƙe bakinsa da laka, a ɗora jinka. Ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da hannu ke bukatar ƙarfi. Wanda ya yi tafiya kuma ana ware mashi rabonsa a gefen gabas, ba a ci. Tun tafiyar Mati nake yin haka. Kowace kaka in fitar da tsohon hatsinsa in zuba sabo. Ko a shekarun fari, da muka koma cin dusa da ganye, Inna ba ta yarda an taɓa dammansa ba sai da wani direba ya kawo saƙonsa, yana haɗa mu da Allah mu ci. Jinkar nan kuwa mutum ɗaya ba ya ɗaga ta. Da ni da Mati muke yi, shi a can gefe yana tsokanata wai na tsufa. Yanzu maƙwabci nake kira, kuma duk shekara sai na ji abin a raina.

Na biyu: akwatinku.

Da aka kawo injin wuta garinmu, aka kafa turaku daga buro, wato ofishin hukuma, zuwa kasuwa, wallahi ban yi barcin kirki ba don murna. Na gina ɗaki a bakin hanya da hannuna, na yi mashi ƙofar langa-langa, na je buro na ce a ja mani waya. Ma'aikatanku suka zo suka rataya ƙwan lantarki ɗaya, suka kafa wani ɗan baƙin akwati mai gilashi a bango. Babbansu ya zare siririyar waya ya ɗaure bakin akwatin, ya matse da dalma, ya ce mani kada wanda ya kuskura ya buɗe. Sannan ya kunna ƙwan don gwaji. Na ga wani faifai a cikin gilashin ya fara juyawa. Ya kashe, faifan ya tsaya.

To, ranka shi daɗe, kai ma ka tsaya a inda na tsaya. Mutum ya tashi a gidan da ake liƙe rumbu. An kawo mashi akwati, waya ta shiga cikinsa, an liƙe bakinsa, an ce kada a buɗe. In an kunna wuta abu na zubowa daga ciki, in an kashe ya tsaya. Me zai fahimta? Ni dai na fahimci rumbun wuta ne aka kafa mani. Na ce alhamdu lillahi, rabon Mati zai riƙa taruwa har ya zo.

Damina biyu da rani biyu ban kunna ƙwan nan ba. Matata Barira ta roƙe ni ran sunan ɗiyarmu, ta ce ko na ɗan lokaci ne baƙi su gani, na ce ta nemi fitilarta. Ta ce ni da akwatin nan Allah shi bar mu tare, tunda na fi kula da shi bisa ga ita. Inna kuwa ita ce mai gadi. Kowace safiya ta share shagon, ta goge gilashin da bakin zanenta, har tsumma ta rufa mashi wai kada zafin rana ya sa wutar ta tsiyaye.

Ga inda ƙorafina yake. Kowane wata ma'aikacinku na zuwa ya leƙa gilashin, in biya abin da ya ce na wata. Yakan ce, "Malam Ada, naka fa ko motsi bai yi ba." Ni kuma in ce mashi da gangan ne, tarawa nake wa ƙanena. Sai ya yi murmushi ya hau kekensa. Haba! Da ya buɗe baki ya ce mani ba ta taruwa, me zai rage shi? Ban ce ya cuce ni ba, ban kuma nemi a kore shi ba, shi ya sa ban faɗi sunansa ba. Amma an kawo mana abu an kafa, ba wanda ya zauna da mu ya gaya mana halinsa.

Na uku: zuwan Mati.

Na aika mashi cewa wuta ta zo, shi kuwa ya ɗauki hutu ya taho, har da injin walda da ya aro a Maraɗi. Ya rame, amma idon nan nashi na tsokana na nan. Kafin ya sha ruwa muka ja shi shago ni da Inna. Inna ta yaye tsumman da hannunta, ni kuma na buga ƙirji na ce, ga ta nan, tun ranar da aka kafa ba mu taɓa ko ƙwaya ba, duk taka ce. Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya dubi Inna. Can ya durƙusa ya ce, "Na gode, Inna. Allah shi saka."

Washegari a gona ya gaya mani. Ya fara da dariya, ya yi ta yi har ya zauna bisa kunya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da na ba shi ruwa. Ya ce, "Yaya, akwatin nan awo yake, ba ajiya ba. Babu komai a ciki." Ya ce wutar waya a take ake yin ta, a take ake shan ta, wadda ba ka sha ba ba ta jiran ka. Na ce to wadda na bari fa, ina ta tafi? Ya ce ba ta tafi ko'ina ba, wani ya sha, ko kuma injin bai ma yi ta ba. Kunya ta rufe ni. Ba kunyar mutanen gari ba, kunyar tsumman Inna.

Duk da haka ya ce a gwada. Injin garinmu da magariba ake tada shi, bayan isha'i da kaɗan a kashe, don da rana masu sha ba su da yawa, ba a ƙona man gazuwal saboda mutum ɗaya. Sai muka jira magariba. Na kawo karyayyen ƙarfen amalankena, mutane suka taru kamar ana wasa. Mati ya rufe fuska da baƙin gilashi, ya dangwala. Tartsatsi ya tashi, jama'a suka yi kabbara. Ya sake dangwalawa, sai garin gaba ɗaya ya yi ɗif, daga kasuwa har gidan kumandan mai mulkin garin. Injin ya mutu. Ba a jima ba ga jandarma da tocila yana tambaya wane ne. Bai kama kowa ba, ya dai ce kada a sake. Mai kula da injin ya yi mana bayani da mutunci, ya ce a lokacin nan kowa ya kunna nashi, injin na ɗauke da iyakar kayansa, walda kuma fizga take yi da ƙarfi lokaci guda.

A cikin duhun nan Inna ta kamo hannun Mati ta ce, "To ina wadda muka tara maka? A buɗe mana." Ya ce, "Ba mu taɓa ta ba, Inna. Tana nan. Sai na dawo gaba ɗaya." Ban taɓa jin Mati ya yi mata ƙarya ba sai ranar, kuma ban hana shi ba.

Na huɗu: abin da ya koya mani kafin ya koma.

Ni ba injiniya ba ne, abin da ya ji daga waɗanda suka ga tashoshin da idonsu nake maimaitawa, in na yi kuskure masananku su gyara. Ya ce a tashar nukiliya dutsen nan zafi yake bayarwa, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya manyan injuna. Irin wannan tasha ba a tada ta da magariba a kashe bayan isha'i kamar tamu. Ta fi son ta yi ta tafiya bai ɗaya, dare da rana. Mutane kuwa ba haka suke sha ba. Wani lokaci kowa ya kunna, wani lokaci kowa ya kwanta. Saboda haka akwai sa'ar da wuta ke yin yawa ba mai so, akwai sa'ar da ba ta isa.

Na ce to yaya suke yi? Ya ce a ƙasashen da ke da duwatsu, in wutar ta yi rara sai su tura ruwa da ita zuwa wani tabki a bisa dutse. In bukata ta tashi su sako ruwan, ya gangaro ya juya injuna, wutar ta dawo. Inda babu dutse kuma akwai batir, irin na mota amma manya, a jera su ɗaki guda. Ya ce ba duka ke dawowa ba, ana asarar wani abu a hanya. Na ce wannan ai ba labari ba ne, ko rumbu ɓera na cin nashi, ba mu fasa ginawa ba.

Ya ja mani kunne a kan abu guda, ni ma ina ja maka da ladabi. Ma'ajiya ba ta haifar wuta, sai an zuba mata. Tasha kuma, komai girmanta, wata rana za a tsayar da ita don gyara, ko iskar farkon damina ta kayar da turaku tsakaninta da mu. Mu da ke can ƙarshen waya mu ne za mu fara zama a duhu, mu ne na ƙarshe da za a tuna. Ya ce da akwai ɗakin batir a Gazawa, ko da ɗan injin nan namu ne, a ƙara mashi lokaci ya cika shi, da rana sai shago ya ja daga ciki, fizgar walda ma batir ɗin ya shanye ta ba tare da gidan kumandan ya yi duhu ba. Ashe tunanina bai ɓace gaba ɗaya ba, akwatin ne ba shi ba ne.

Da zai hau mota ya gyara alkawarinsa. Ya ce, "Yaya, ba ranar da wuta ta zo ba. Ranar da ta wuni." Yana da mata da 'ya'ya can, ba zai kwaso su ya zo ya zauna gaban ƙwai ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na biyar: halin da ake ciki yau.

Inna ta rasu bara da kaka, Mati bai samu ganin ta ba, don kafin saƙo ya kai an rufe ta. Cikin maganarta ta ƙarshe ta ce mani in kula da hatsin Mati da wutar Mati. Na ce to. Ta tafi tana ganin ɗanta na da dukiya a bango.

Shi kuma tarin nan bai bar shi ba. Direbobin da ke zuwa daga arewa, in na tambaye su, sai su ce yana gaishe ka, su kau da kai. Ɗaya daga cikinsu ya tausaya mani ya ce yanzu in ya yi tafiya kaɗan sai ya tsaya ya dafa bango. Ban ɗora wa kowa laifin ciwonsa ba, ni ba likita ba ne. Na dai san hannunsa na cikin aikin da ke haskaka biranen da bai taɓa gani ba, shagonsa kuma na rufe a garin da aka binne cibiyarsa. Ina kewar ƙanena, ranka shi daɗe. Na faɗa a fili, ba na jin kunya. In na ji mota ta tsaya a tasha da la'asar, har yau sai na saki igiyar shanu na leƙa.

Ga roƙona.

Duk tsarin da za ku yi na babbar tasha, ku sa ma'ajiya a cikinsa tun farko, kada a ce sai daga baya. Daga baya ɗin nan mun san shi, ba ya isowa Gazawa.

Kada ku ce mu jira nukiliya kafin a fara. Ku gina ɗakin batir a garuruwa irin namu, da Agiye da Gidan Rumji, ku cika shi da abin da ke akwai, ko inji ne, ko hasken ranar nan da ke gasa mu kyauta. In babbar wayar ta iso ta tarar da wurin zuba ta.

Ku umarci ma'aikatanku, duk gidan da suka kafa akwati su zauna su yi bayani da Hausa. Na tabbata akwai wata tsohuwa a wani gari da ke rufa wa nata tsumma yanzu haka.

In kuma za a nemi wanda zai kula da ɗakin batir ɗin, akwai 'ya'yanmu a arewa da suka san aikin, suna son gida. Ban ce lallai Mati ba. Amma in an tambaye ni, na san sunan da zan faɗa.

Ku yi da sauri, don Allah. Bana ma na fitar da tsohon hatsinsa na zuba sabo a gefen gabas, na liƙe, maƙwabci ya kama mani jinka. Wannan zan iya yi mashi har in mutu. Numfashinsa ne ban da inda zan ajiye mashi.

Wasiyyar Inna kuwa rabi na cika, Allah shi yafe mani. Ranar da aka yi addu'ar arba'in ɗinta na yaye tsumman na ninke. Yanzu kowace magariba, in an tada inji, nakan buɗe shagon in kunna ƙwan, in zauna a bakin ƙofa. Barira ta ce ga shi na kunna wa bango abin da na hana baƙinta. Tunda wutar ba ta taruwa, gara ta ci a ɗakinsa, duk wanda ya sauko daga mota ya ga shagon na da mai shi. Bayan isha'i injin ya mutu, in ja ƙofa in tafi gida.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka mashawarta na gari, shi sa aikin nan ya ƙare a hannunka. Allah shi haɗa ka da 'yan'uwanka duk inda suke, kada ka san irin jiran nan. Allah shi jiƙan iyayenmu da naka, shi zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ada mai amalanke, yayan Mati,
Bakin hanyar tasha, Gazawa.